Faɗa a Gaban Ido, Roƙo a Bayan Ido

Galibinmu idan muna ba da labarin Annabi Musa (AS), a bakin teku muke tsayawa. Ruwa ya tsage, Bani Isra'ila sun haye, Fir'auna da rundunarsa sun nutse, sai a yi kabbara a tashi. Haka ake yi a wuraren tafsirin azumi, kuma 'ya'yan maƙwabtanmu Kirista ma wannan ɓangaren suka fi haddacewa daga makarantar Lahadi. Amma duk wanda ya bi labarin har ƙarshe ya san cewa a bakin tekun nan wahalar Musa ta gaske ta soma. Fir'auna maƙiyi ne na fili, an san inda ya sa gaba. Shekara 40 da suka biyo baya kuwa da nasa ya yi fama, mutanen da ya fito da su daga bauta, waɗanda suka ga mu'ujiza da idonsu, suka kuma mayar da shi abin zargi duk ranar da ƙishirwa ta kama su.

Ni Musulmi ne, a Alƙur'ani na fara sanin labarin, kuma babu annabin da aka yawaita ambaton sunansa a ciki kamar Musa. Daga baya na karanta yadda littattafan Attaura da ke hannun Yahudawa da Kirista suka kawo shi, musamman Fitowa da Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a. Akwai inda suka saɓa. Mafi girman saɓanin shi ne wanda ya ƙera ɗan maraƙin zinariya: Fitowa ta ɗora wa Haruna, Alƙur'ani ya wanke Haruna ya nuna Samiri, kuma a kan wannan nake. Sai dai a kan abu guda bakinsu ya zo ɗaya. Jama'ar nan ta sha jawo wa kanta halaka, kuma sau da yawa abin da ya tsaya tsakaninta da halakar shi ne roƙon mutum guda. Irin wannan mutumin nake ganin mun fi rashi a masallatanmu da majami'unmu da gidajen mulkinmu.

Ƙafarsu ba ta gama bushewa daga teku ba suka wuce wasu mutane masu bautar gumaka, suka ce Musa ya yi musu nasu abin bautar. Wannan yana cikin Suratul A'araf. Attaura ta ce kwana uku da ƙetarewa suka isa wani wuri da ake kira Mara, ruwansa da ɗaci, nan aka fara gunaguni. Aka inuwantar da su da girgije, aka saukar musu da mannu da salwa, Musa ya roƙa musu ruwa aka ce ya bugi dutse, idanun ruwa 12 suka ɓuɓɓugo, kowace ƙabila da mashayarta. Ba a jima ba suka ce sun gaji da abinci iri ɗaya. Albasa suke so, da kayan lambu, kuma Littafin Ƙidaya ya ƙara da kifin Masar da kankana da tafarnuwa.

Ba na raina su a kan wannan. Mutumin da aka haifa cikin bauta ya san lokacin da za a ba shi abinci, ko da bulala ce za ta biyo baya. A hamada kuwa ba gona, ba rumbu, ba ajiya. Attaura ta ce mannun ma ba ya kwana, wanda ya ɓoye don gobe sai ya tarar ya yi tsutsa, in ban da na jajiberin Asabar. Wato kullum sai mutum ya kwanta ba shi da na gobe, ya dogara cewa za a sake saukarwa. Tsoro ne ke magana da bakinsu, kuma ina jin Musa ya fi kowa gane haka.

Babbar fitinar ta zo ne a gindin dutsen Sina'i. Musa ya tafi ganawa da Ubangijinsa, dare 30 aka cika da 10. Kafin ya dawo an narkar da kayan ado an ƙera maraƙi, an kewaye shi ana bauta. Yana kan dutse aka ba shi labari. A nan Littafin Fitowa ya kawo wani abu da ya kamata duk mai riƙe da jama'a ya tsaya a kansa. Allah ya yi wa Musa tayi: a shafe waɗannan mutane, a fitar da sabuwar al'umma daga tsatsonsa shi kaɗai. A duba girman wannan tayi. Da ya amince, da ya huta da masu gunaguni, da ya zama uban al'umma kamar yadda Ibrahim ya zama, kuma babu mai cewa ya yi zalunci, domin laifinsu a fili yake. Musa bai karɓa ba. Ya shiga roƙo.

Hujjojin da ya kawo su ne suka fi ɗaukar hankalina. Bai ce ba su yi laifi ba. Bai ce yaudararsu aka yi ba, bai ce akwai na kirki a cikinsu ba. Cewa ya yi jama'ar Allah ce, Shi ya fito da ita da ikonsa. Ya ce mutanen Masar za su yi dariya su ce an fitar da su ne don a kashe su a cikin duwatsu. Ya tuna da alkawarin da aka yi wa Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu. Duk hujjar ta jingina ne ga sunan Allah da alkawarinsa, babu ko guda da ta jingina ga cancantar masu laifin. Wanda zai jira sai mutane sun cancanci addu'a kafin ya yi musu, zai daɗe bai ɗaga hannu ba.

Sannan ya sauko. Wanda ya gan shi a wannan sa'a ba zai yarda cewa shi ne mai roƙon ɗazu ba. Ya jefar da allunan, ya kama kan ɗan'uwansa da gemunsa yana ja, har sai da Haruna ya kira shi da ɗan uwata ya gaya masa cewa sun kusa kashe shi, kuma ya ji tsoron raba kan jama'a. Ya ƙone maraƙin ya sheƙe tokarsa a ruwa. Ya kori Samiri, aka yanke masa rayuwar da ba mai taɓa shi ba ya taɓa kowa. Tubar da aka ɗora wa jama'a ma da jini aka yi ta, Suratul Baƙara ta ambace ta, Fitowa kuma ta ce kimanin mutum 3,000 suka faɗi a ranar. Kashegari mutumin nan ya sake hawa dutse, ya roƙi a gafarta musu, in kuwa ba za a yi ba, a shafe sunansa shi ma daga littafi. Maimaitawar Shari'a ta ce kwana 40 ya yi kwance rub da ciki, ba ci ba sha.

A gaban idonsu ya yi musu faɗa, a bayan idonsu ya roƙa musu. Wannan shi ne tsarin Musa, kuma mu mun kifar da shi. Mai kuɗi ya shigo majalisa, kowa ya san da me ya tara dukiyar, sai a tashi a ba shi wuri, a yi masa kirari, a karɓi ambulan. Ya fita, sai a kai ƙararsa wurin Allah da tsinuwa. Ɗan unguwa ya fara shaye-shaye, babu wanda zai zaunar da shi ya gaya masa gaskiya don gudun ɓacin ran iyayensa, amma ranar da ya yi sata kowa zai ce Allah ya kawar mana da shi. Gaskiyar da ya kamata mutum ya ji da kunnensa mun ɓoye masa ita, roƙon da ya kamata mu yi masa a sujada kuma mun mayar da shi la'ana.

Bayan maraƙin, Musa ya zaɓi mutum 70 daga jama'arsa don su je neman gafara, girgiza ta kama su. Abin da ya faɗa a nan yana cikin A'araf, kuma abin lura shi ne bai ware kansa gefe ba. Shi da ba ya nan lokacin da aka yi ɓarnar, sai ga shi yana tambayar ko za a halaka su duka saboda aikin wawayen cikinsu, yana neman gafara da jinƙai a matsayinsa na ɗaya daga cikinsu. Amsar da aka ba shi tana cikin ayoyin rahama da malamanmu suka fi jawowa a wa'azi: Allah yana azabtar da wanda ya so, amma babu abin da rahamarsa ba ta kai gare shi ba, kuma za a rubuta ta ga masu taƙawa da zakka da imani. Mukan karanta ayar mu manta cewa amsa ce ga mutumin da ke roƙa wa jama'ar da ta bauta wa maraƙi. A Attaura ma, bayan wannan fitinar ne Allah ya bayyana wa Musa siffofinsa na jinƙai da jinkirin fushi, kuma da su Musa ya riƙa kafa hujja a roƙonsa na gaba.

Roƙa wa wanda ya saɓa wa Allah wani abu ne, roƙa wa wanda ya ci zarafinka kai da kanka kuma wani abu ne dabam, kuma ya fi wuya. Littafin Ƙidaya ya kawo wani labari da ba ya cikin Alƙur'ani. A wani zango da ake kira Hazerot, yayar Musa, Maryamu, ta soke shi a kan matar da ya aura 'yar ƙasar Kush, yankin da ke kudu da Masar, wajen Sudan ta yau. Daga batun mata magana ta zarce zuwa matsayinsa, wai shi kaɗai Allah ke yi wa magana? Musa bai tanka ba. Sai kuturta ta feso mata, jikinta ya yi fari fat. Wannan ce sa'ar da yawancinmu za mu ce alhakina ne ya kama ta. Musa kuwa nan take ya roƙa mata waraka, da addu'ar da ba ta wuce kalma biyar ba a Ibrananci. Aka warkar da ita, amma sai da ta yi kwana bakwai a bayan zango, kuma jama'a duka ba su ɗaga ba sai da ta dawo.

Wata Juma'a a masallacin unguwarmu, lokacin da rikicin siyasa ya yi zafi, liman ya yi alƙunut. Da ya roƙi shiriya da gyaran zukata, amin ɗin jama'a da ƙyar ya wuce sahu na uku. Da ya juya kan waɗanda ya kira maƙiya, ya roƙi a wargaza su, a makantar da su, a maraitar da 'ya'yansu, sai masallacin ya ɗauka gaba ɗaya har ana kuka. Dattijon da ke gefena hannunsa na rawa don ƙarfin amin. Na san shi, na kuma san cewa ɗansa na fari yana cikin ɓangaren da ake nufi. A daren ranar kuma, daga majami'ar da ke bayan layinmu, lasifika ta kwana tana kiran wuta ta sauko kan maƙiya, har da maƙiyan cikin gida. Addini biyu, unguwa ɗaya, kuma roƙon kusan ɗaya ne. A Facebook da WhatsApp ba sai na faɗa ba, Allah ya isa ta zama gaisuwa.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Addu'ar wanda aka zalunta gaskiya ce, kuma ba ta da shamaki. Musa da kansa ya roƙi Allah ya shafe dukiyar Fir'auna da fadawansa, yana cikin Suratu Yunus. Manzon Allah (SAW) ya yi wata guda yana alƙunut a kan waɗanda suka yi wa sahabbai mahaddata kisan gilla a Bi'iru Ma'una. Matar da 'yan bindiga suka kashe mata miji suka ƙone mata rumbu a Zamfara ko Katsina, ba ni da bakin ce mata ta sassauta kukanta. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne mun mayar da kowa Fir'auna: ɗan wata ɗariƙa, ɗan wata ƙungiya, ɗan wata jam'iyya, kishiya, ɗan'uban da aka yi rabon gado da shi. Musa ya bambanta azzalumin da ya yanka jarirai da jama'arsa masu rauni da taurin kai. Annabinmu ma da mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi har jini ya zuba, mala'ikan duwatsu ya nemi izinin haɗe duwatsu a kan waɗanda suka ƙaryata shi, ya ƙi, yana fatan a samu masu bautar Allah daga tsatsonsu. Da Ɗufailu ɗan Amru ya zo ya ce a yi wa ƙabilarsa ta Dausu muguwar addu'a don sun ƙi karɓar kira, shiriya ya roƙa musu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce wannan roƙe-roƙen ne ya lalata mana ƙasa. A kama ɓarawo, kafin gari ya waye an yi kamun ƙafa. A kori ma'aikacin da ya ci amana, sai ga tawagar dattawa da manyan riguna sun zo a yi haƙuri. Gaskiya ne. Amma abin da suke kwatantawa ba shi Musa ya yi ba, kuma labarin Kadesh ya isa shaida.

Daga Horeb, wato wajen dutsen Sina'i, zuwa Kadesh-barneya da ke bakin ƙasar alkawari, tafiyar kwana 11 ce in ji Maimaitawar Shari'a. Da suka isa, aka aika mutum 12 leƙen asiri, ɗaya daga kowace ƙabila. Suka yi kwana 40 suka dawo da nonon inabi guda da sai da mutum biyu suka rataya a sanda. Goma daga cikinsu suka ce ƙasa dai mai albarka ce, amma mutanenta ƙatta ne, biranensu da ganuwa. Biyu, Yusha'u ɗan Nun wanda Kirista ke kira Joshuwa, da Kalibu, suka ce a shiga. Jama'a suka kwana suna kuka, suka fara shawarar naɗa sabon shugaba su koma Masar, har suka yi niyyar jifan masu ba su ƙarfin gwiwa. Suratul Ma'ida ta kawo maganar da ta fi kowace muni, inda suka ce wa Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Maganar ta yi ƙaurin sunan da har a ranar Badar, sahabi Miƙdad ya tabbatar wa Manzon Allah (SAW) cewa su ba za su faɗi irinta ba.

A nan ma Attaura ta ce an sake yi wa Musa tayin nan na farko, ya sake roƙo, aka kuma ce an gafarta musu saboda roƙonsa. Amma a cikin amsar guda aka yanke cewa duk wanda ya kai shekara 20 zuwa sama ba zai taka ƙasar ba, sai Yusha'u da Kalibu. Shekara 40 ta ɗimuwa, shekara guda a madadin kowane kwanan leƙen asiri. Gafara ta samu, hukunci kuma bai faɗi ba. Abin da roƙon Musa ya sayo musu shi ne ba a shafe su ba, 'ya'yan da suka ce za su zama ganima su ne suka girma suka shiga.

Kakata ta wajen uba ta taɓa yin irin wannan a gidanmu. Wani ɗan baffana ya ɗebi gero daga rumbu ya sayar ya sayi rediyo, baffa ya rantse sai ya bar gidan. Tsohuwar ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar turakarsa, aka kawo mata tuwo ta ture. Da ya fito ya durƙusa, abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Yaron bai bar gida ba. Amma ita da kanta ta karɓe rediyon ta aika aka mayar, kuma ita ta yanke cewa damina mai zuwa zai yi noman ƙodago ya biya geron kwano-kwano. Ta hana a kore shi, ba ta hana ya biya ba. Tawagar manyan riguna da ke zuwa ofis a yau akasin haka take nema, a yafe biyan, in ya so mutumin ya ci gaba da lalacewa.

Ko a cikin hukuncin, jinƙai bai yanke ba, kuma nan ne labarin ya fi taɓa ni. Mutanen da aka yanke wa mutuwa a hamada ba a bar su da yunwa ba. Mannu ya ci gaba da sauka kowace safiya, bai tsaya ba sai bayan an ƙetare Kogin Urdun an ci amfanin ƙasa a Gilgal. Attaura ta ce tufafinsu ba su tsufa ba, ƙafafunsu ba su kumbura ba. Da macizai suka afka musu bayan wani gunagunin, suka zo wurin mutumin da suka gama zagi suka ce ya roƙa a ɗauke macizan. Ya roƙa. Abin da aka ba shi magani ne, macijin tagulla a kan sanda, wanda aka sara ya duba ya rayu. Bayan ɗaruruwan shekaru sarki Hezekiya ya farfasa wannan tagulla, don mutane sun koma ƙona mata turare. Kuma bayan tawayen da wani mai suna Kora ya yi wa Musa, da annoba ta ɓarke a zango, Musa ya ce wa Haruna ya ɗauki kaskon turare ya ruga cikin jama'a. Tsoho, babban firist, ya kutsa da gudu inda mutane ke faɗuwa, ya tsaya a kan iyakar gawarwaki da masu sauran numfashi har annobar ta lafa. An ƙirga mutum 14,700 da suka mutu. Waɗanda ya ruga dominsu kuwa su ne suka wayi gari a ranar suna zarginsa da ɗan'uwansa da kisan kai.

Ba ina nufin Musa bai gaji ba. Ya gaji matuƙa. A wani wuri a Littafin Ƙidaya ya kai kukansa ga Allah cewa ba shi ya ɗauki cikin mutanen nan ba balle a ce ya goya su, kuma in haka za a ci gaba gara a ɗauki ransa. Amsar da ya samu ita ce dattawa 70 da za su raba nauyin da shi. A Ma'ida ma, bayan sun ƙi shiga, ya ce ba ya iko da kowa sai kansa da ɗan'uwansa, ya roƙi a raba tsakaninsu da fasiƙai. Bayan an yanke hukuncin shekara 40 sai aka ce masa kada ya yi baƙin ciki a kansu, kuma ba a hana mutum baƙin cikin da ba ya ji. Duk da roƙon rabuwar, tare da su ya yi ɗimuwar, a cikinta Haruna ya rasu, a ƙarshenta shi ma ya rasu. Hausawa sun ce babba juji ne, amma jujin ma yana cika. Limaminmu ko fastonmu da ya gaji da halinmu yana da damar kai kukansa ga Allah. Abin da ba shi da dama shi ne ya hau mumbari ya koya wa yara cewa tsinuwa ita ce ƙololuwar addu'a.

Mu Musulmi muna cin gajiyar wahalar nan ta Musa sau biyar a kullum, ko da ba mu lura ba. A hadisin Mi'iraji da Bukhari da Muslim suka ruwaito, da aka farlanta salla 50, Musa ne ya tare Manzon Allah (SAW) a hanyar dawowa ya ce ya koma ya nemi sauƙi, domin shi ya gwada mutane, ya yi fama da Bani Isra'ila, ya san abin da za su iya ɗauka. Ya riƙa mayar da shi har aka tsaya a biyar, da ladan 50. Shekarun gunaguni ba su bar masa ƙyamar mutane ba. Sanin rauninsu suka bar masa, har ya yi amfani da shi wajen nema wa al'ummar da ba tasa ba sassauci. Kuma da wani ya zargi Annabinmu da rashin adalci a rabon ganima, Musa ya tuna, ya nema masa rahama, ya ce an cutar da shi fiye da haka ya yi haƙuri.

Mutumin da aka amsa wa roƙo a kan dubban masu laifi, da ya roƙa wa kansa abu guda ba a ba shi ba. Maimaitawar Shari'a ta ce ya nemi a bar shi ya ƙetare Urdun ya ga ƙasar, aka ce ya bar maganar, ya hau dutse ya hango ta daga nesa. Dutsen Nebo ke nan, a ƙasar Jodan ta yau, kusa da garin Madaba. Hadisi ya ce da ajalinsa ya zo, ya roƙi a kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse. Mun saba ganin shugaban da in an hana shi abin da yake so sai ya ce kowa ya rasa, ya bar jam'iyya a wargaje, ko masallaci a rabe, ko gida a kotu. Da aka gaya wa Musa cewa ba zai shiga ba, roƙonsa na gaba a Littafin Ƙidaya shi ne a naɗa wa jama'a wanda zai ja gabansu don kada su watse bayansa. Aka ce ya ɗauki Yusha'u. Ya tsayar da shi a gaban Ele'azara firist da dukan taron, ya ɗora masa hannu, ya danƙa masa jama'ar tun yana raye, yana da shekara 120 kuma idonsa bai dushe ba.